Kwaɗon Mamuda a Bayan Bango

Duk wanda ya taɓa ratsa hanyar Adabka da damina ya san Mamuda, ko bai san sunansa ba ya san kukan injinsa. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, ɗan shekara arba'in da 'yan kai, mai saurin fushi da saurin hucewa. A duk ƙauyukan nan shi kaɗai ke da babur mai ƙafa huɗu. Mutane suka sa wa abin suna Kwaɗo, saboda a tsugune yake, ga faɗin gaba, ga son taɓo. Mamuda ya yi shekara guda cur yana faɗa da wannan suna, yana cewa rashin kunya ne. Daga baya da kunnenmu muka ji shi yana cewa a ba shi hanya zai je ya wanke Kwaɗo.

Mutumin Tungar Kaiwa ne, wata 'yar tunga da ke bayan Adabka, amma ba a can labarinsa da wannan inji ya fara ba. Yana saurayi ya yi kabu-kabu, ya auri Zinariya 'yar Sunke, ya zauna garin surukansa lokacin da haƙar zinare ta buɗe. Aikinsa ɗauko buhunan dutse daga rami ya kawo cikin gidaje a niƙa. Wa ya san akwai dalma a cikin dutsen nan? Ba wanda ya sani. Yara suna rarrafe cikin garin dutsen, suna sa hannu a baka. 'Yarsu ta fari, Fiddausi, tana da shekara uku ta fara jijjiga wata ranar Talata, bayan an kwana biyu ana ruwa. Ya ɗora uwa da ɗiya a bayan babur ya nufi Anka. A wani kwazazzabo babur ya nutse har sirdi. Ya bar shi nan, ya saɓa yarinyar ya ci gaba da ƙafa, Zinariya na biye tana faɗuwa tana tashi. Ba su kai bakin titi ba ya ji jikin ya saki.

Ba a yi wata biyu ba masu aikin agaji suka zo kankare ƙasar gidaje, da 'yan injinansu. Mamuda na tsaye bakin wannan kwazazzabo ya ga wani abu mai ƙafa huɗu ya shigo taɓon nan ya fice ta ɗaya gefen, ko tsayawa bai yi ba. Ya ce ranar ya fi kuka a kan ranar jana'iza. Washegari ya je ya tsaya ƙofar masaukinsu, ya ƙi tafiya har suka ɗauke shi aikin tuƙi. Akwai wani tsohon makaniki tare da su, Malam Almustapha mutumin Gummi, shi ya koya masa cikin injin ƙusa-ƙusa, da zagi da dungure. Da aiki ya ƙare aka sa kayan a kasuwa, Mamuda ya sayar da bijiman huɗa biyu da ya gada ya ɗauko Kwaɗo. 'Yan'uwansa suka ce ya zautu. Ya kwashi matarsa ya koma Tungar Kaiwa.

Shekara goma sha biyu ke nan, kuma ban san adadin waɗanda wannan inji ya fitar daga daji ba. Ya ɗaura masa wani gado na katako a baya, da katifar yayi. Mai naƙuda, wanda maciji ya sara, tsohon da numfashi ya sarƙe, duk Kwaɗo ne. Sai dai fa kowa ya kira Mamuda sai ya shirya shan faɗa. Zai iso yana masifa tun daga nesa: "Tun jiya tana wahala, sai yanzu kuka ga damar aiko mani? Ku mi kuka jira, ta haihu bisa kanku?" Yana faɗan yana gyara katifa, yana naɗe zane a sa mata a ƙarƙashin kai. Matan tunga ba sa jin haushinsa, sun san inda faɗan ya samo asali. Zinariya ba ta taɓa ambaton sunan yarinyar ba, 'yar fari ce, ko tana raye ma ba za ta kira shi ba. Shi ma bai cika faɗa ba. Amma duk wanda ya hau gadon nan ya san don wa aka ɗaura shi.

To, sai duniya ta juya. 'Yan bindiga suka cika dazukan da ke tsakanin ƙauyuka, tungaye suka fara watsewa ɗaya bayan ɗaya. Mutanen Tungar Kaiwa suka daure har aka yanke gero, aka ɗaure dawa. Sai ga saƙo ya iso ta bakin wani mai itace, wai mutanen daji na tambaya, injin nan mai ƙafa huɗu na wane ne, kuma nawa yake ɗauka. Mai unguwa ya tara magidanta bayan sallar Juma'a ya ce kowa ya nemi inda zai raɓa, a ga abin da Allah zai yi kafin damina. Mamuda ya tura yaransa Gummi wurin ƙanensa tun a makon. Ya rage shi da Zinariya da Kwaɗo.

Tafiya da shi ba ta taso ba. Kukansa kaɗai ya isa ya kira su daga nisan zango, kuma motar da za ta kwashe su ba ta da wurinsa. Sayarwa kuwa, wanda ya fara kawo maganar bai sake ba. Shawarar da ya yanke ita ce ya shigar da shi ɗakin marigayiya innarsa, ya tura shi can ƙurya, a ja sabon bango a gabansa, a yaɓe, a shafa masa hayaƙi ya yi kama da tsoho. Wanda ya leƙo zai ga ɗan ƙaramin ɗaki ne ba komai sai tsohuwar tabarma. Ya yi magana da Shafi'u magini, abokinsa tun na yarinta, aka fara buga tubali.

Kwana biyu ya yi yana shirya injin, kuma wanda bai san shi ba zai ce gawa yake wa sutura. Ya wanke shi tas har ƙarƙashin ciki, ya bi kowane lungu da tsinke yana fitar da busasshen taɓo, don taɓo na riƙe danshi, danshi kuma shi ne uban tsatsa. Ya tayar da shi ya yi zafi, ya zubar da tsohon baƙin mai ya zuba sabo. Ya kwance fulogi ya ɗiga mai kaɗan a ramin, ya juya injin da hannu sau uku, ya mayar. Ya cire batir ya naɗe a buhu, wannan da shi za a tafi. Ya shafe duk wani ƙarfe mai motsi da giris. Da aka tura shi cikin ɗakin, sai ya sa aka ɗaga shi bisa kututturan ƙirya huɗu, don tayoyi kada su gaji da zama wuri ɗaya su tsage, ƙirya kuma gara ba ta cin ta. Ya cusa tsumma mai maiƙo a bakin salansa, bututun hayaƙi, saboda zanzaro, wanda in ya samu rami sai ya gina gidansa na laka a ciki.

Zinariya ta shigo da kwarya cike da toka da ganyen dogon yaro da dakakken barkono, ta fara barbaɗawa a kewaye kamar yadda take wa wake a rumbu.

"Ke, inji ne fa, ba wake ba," in ji Mamuda.

"Ɓera bai san wanga bambanci ba, Malam. Wayar inji shika ci." Ta ci gaba da abinta. Ya ƙyale ta, don gaskiya ta faɗa.

Ya ɗauko leda zai rufa, ya tuna leda na gumi, ya ajiye. Ita ce ta ciro wani tsohon gwado daga cikin kayanta ta miƙa masa.

Saura abu ɗaya, kuma tun farko shi yake kewayewa: tanki.

Malam Almustapha ya koya masa ƙa'idar tun a Sunke, kuma Mamuda ya maimaita ta ga duk mai babur da ya taɓa zama a zaurensa, har mutane sun haddace. In ajiyar ba za ta wuce wata biyar ko shida ba, a cika tanki har wuya, kada a bar wa iska wurin zama, sai ka dawo ka tarar da cikinsa fes, bugu ɗaya ya tashi. In kuwa za ta kai shekara ko ta wuce, a tsiyaye shi ƙaf, har ɗan abin da ke cikin kafireta, a zagaya cikin da baƙin mai. Fetur in ya daɗe yana ruɓewa, ya koma danƙo, ya toshe hanyoyin inji ya kashe shi. Babu tsaka-tsaki. Mai ajiya dole ya san ranar dawowarsa, ko ya yarda bai sani ba.

Mamuda ya fi kowa sanin wannan, don ya gani da idonsa. Yana da amini, Hayatu, Bafulatanin ruggar da ke gabas da tunga, wanda suka yi shekara ashirin suna musayar nono da gero da baƙar magana. Da rigima ta fara, aka shiga kallon kowane Bafulatani da ido ɗaya, Hayatu ya kora shanunsa ya yi kudu. Ya kawo babur ɗinsa ya ce, "Ajiye mani, wata ukku na dawo." Mamuda ya cika masa tanki har wuya. Shekara huɗu ke nan. Bara ya buɗe tankin, wari ya buge shi, abin da ke ciki ya yi ja ya yi kauri kamar ƙaro. Ya zauna a ƙasa ya daɗe, yana kewar mutumin nan har cikin ƙashinsa. Babur ɗin bai sake tashi ba, Hayatu kuma sau biyu kawai aka ji muryarsa a waya.

Duk da haka, tun ranar da aka ce a tashi, Mamuda ya fara tara fetur. Samunsa a ƙauye ya yi wuya ƙwarai, sai ya riƙa zuwa kasuwar Bukkuyum yana dawowa da kwalba ɗaya ko biyu a ƙarƙashin buhun gishiri, har jarka ta cika. Da yammacin rana ta biyu ya ɗauko ta ya sa mazurari. Zinariya na tsakar gida tana ɗaure kaya, sai ya ji ta daina motsi. Bai waiwaya ba. Ya zuba har man ya taɓo bakin tanki, ya murɗa marufi da ƙarfi, ya ce da murya sama, kamar da bango yake magana, "Wata biyar. Ruwan hwari na sauka muna nan."

Zinariya ta sunkuya kan kayan. Ta kwance ɗaurin da ta yi wa turminta ta mirgina shi ta mayar gindin bedi inda yake zama. Ta sauke tukunyar ƙasa ta ruwa daga cikin kaya ta kife a inda ta saba. Tunda maigida ya ce wata biyar, me za a yi da turmi a gidan mutane? Mamuda ya ga duk wannan ta wutsiyar ido, kuma wallahi daɗi ya ji, irin daɗin da mutum ke ji in wani ya taya shi yarda da abin da shi kansa bai gama yarda da shi ba. Yana son gidan nan. Yana son ƙofar da ya saba bugewa da kafaɗa, da gonar da ke bayan danga, da kabarin innarsa da ke ƙarƙashin tsamiya. Bai tafi ba tukuna, amma kewa ta riga ta kama shi.

Da safe Shafi'u ya zo da kwaɓaɓɓiyar ƙasa ya fara jera tubali. Hantsi na yi bango ya kai rufi, sai wata 'yar kafa da ya bari a gefe wadda mutum zai iya shiga a sunkuye. A lokacin motar ta iso, wata tsohuwar a-kori-kura, ta tsaya bakin masallaci mutane suka fara loda buhuna. Direban, Saifullahi, ya zagayo yana mita, wai man da ke cikinta da ƙyar ya kai su Bukkuyum, balle Gummi, a yi ta addu'a kawai. Mamuda ya ji sarai, ya juya kai yana miƙa wa Shafi'u tubali.

"A rufe?" in ji Shafi'u.

"Rufe."

"Dakata, Malam Shafi'u." Zinariya ce, ta fito daga ɗaki da mayafinta a kafaɗa, riƙe da wani gora da aka toshe bakinsa da laka. Ta tsaya kusa da mijinta, ba ta dube shi ba, kafar nan take kallo.

"Malam, ni ban san inji ba. Amma shekara goma sha biyu ina jin ka daga bayan zaure kana koya ma mutane. Mutanen Tungar Dutsi da suka riga mu tashi, wata nawa suka ce za su yi?"

Ya juya tubalin da ke hannunsa.

"Hayatu wata nawa ya ce?"

"Ke, wai mi kika nufi? So kike in ce mun bar gidanmu ke nan?" Muryarsa ta tashi, har Shafi'u ya ja baya ya shiga goge hannu da ba ya bukatar gogewa. "In tsiyaye shi, in ce ma kaina ba ni dawowa?"

"Ban ce ba mu dawowa ba. Cewa na yi ba mu san rana ba." Ta ɗan numfasa. "Ni ma jiya na maida turmina, don ina son ta zan gaskiya. Na kwana ina so. Amma in mun dawo, ko yaushe ne, hanyar ga tana nan yadda take, kwazazzabai na nan. Ranar da za a buga maka ƙohwa a ce ɗiyar wani na jijjiga, ka fasa bangon ga ka iske shi ya mutu, mi za ka ce ma uwar?"

A shekara goma sha biyu, wannan ne mafi kusa da ta taɓa zuwa ga maganar yarinyar. Ya so ya yi faɗa, faɗan ya ƙi zuwa. Ya tsaya yana kallon gwadon da ke rufe da Kwaɗo ta cikin kafar, ya gane cewa man nan ba don injin ya zuba shi ba, don kansa ya zuba, kuma injin ne zai biya.

Ya ce a miƙo masa tiyo da jarka.

Ya sunkuya ya shiga. Wurin ya yi ƙunci, barkonon Zinariya ya sa shi atishawa, hawaye suka zubo, ya bar su a kan barkonon. Ya zura tiyo ya zuƙa har fetur ya taɓa masa harshe, ya tofar, ya sa bakin a jarka. Ya durƙusa yana sauraron man na sauka. A jiya da yake zuba shi minti biyar bai yi ba, yau kuwa ji ya yi kamar ba zai ƙare ba. Da ya tsaya, ya kwance ƙusar ƙarƙashin kafireta ya tari 'yan ɗigon da suka rage a murfin gwangwani. Ya zuba baƙin mai kaɗan a tankin, ya girgiza injin a hankali don ya zagaye. Ya ƙwanƙwasa tankin da yatsa, ya amsa masa da ƙarar abin da ba komai a cikinsa. Ya gyara gwadon, ya dafa sirdin ya ɗan jima.

Kafin ya fito Zinariya ta miƙo masa goran nan ta kafar.

"Aje shi kusa da shi, bisa kututture. Irin geron Inna ne, na cuɗe shi da toka. Shina kai shekara ukku bai mutu ba, ta gwada."

Ya karɓa. Ashe ita tun kafin gari ya waye ta gama nata shirin. Ya ce, "In ya wuce ukku fa?"

Ya ajiye goran bisa kututture ya fito. Ta sunkuya ta ɗauki tubali ta miƙa wa Shafi'u.

Aka rufe kafar, aka yaɓe, Shafi'u ya kunna ɗan kara ya bi bangon da hayaƙi, ya watsa masa ƙasa busasshiya. Zinariya ta shimfiɗa tsohuwar tabarma a gabansa, ta jingina tsintsiya. Sannan ta fita ta mirgino turminta daga gindin bedi, ita kaɗai, har bakin mota. Ba wanda ya ce mata babu wuri.

Mamuda ya fito da batir a kafaɗa, jarka a hannu. Ya wuce mutane ya je wurin Saifullahi ya dire ta a gabansa.

"Zuba."

Direban ya buɗe ya sunsuna, ya washe baki. "Kai, Allah shi saka, Baba Mamuda! Ina ka samo wanga? Yanzu kam har Gummi ba tsayawa."

"Zuba, ka cika surutu."

Suka hau bisa buhunan gero, ita ta riƙe turmi, shi ya rungume batir. Motar ta tashi da man da ya tara kwalba-kwalba don dawowa, ta bi ta gaban tsamiya, ta gangara kwazazzabon farko wanda yanzu ya bushe ƙayau. Mutane na ta waiwaye suna nuna rufin gidajensu. Mamuda bai waiwaya ba. Ya sa hannu a aljihu ya taɓa makullin, hannun na ta warin fetur, kuma har suka shiga Gummi bai nemi ruwan wankewa ba.